Saƙon Habu da Rariya Ta Riƙe

Ku 'ya'yana, da jikokina waɗanda har yanzu ke iya haɗa baƙaƙen Hausa, saboda wannan babin na zauna rubuta sauran tarihina. Na san abin da ake faɗi a kaina a nan Makka, daga Kudai har Ka'akiyya, na kuma san ya daɗe da shiga kunnuwanku: wai ƙanena Habu ya roƙi gafarata a bainar jama'a, na share shi har ya bar ƙasar nan, har ya koma ga Allah. Ban taɓa zaunar da ku na yi muku bayani ba, domin bayanin ba ya yiwuwa sai an shiga maganar kwamfuta, kuma duk wanda aka tambaye shi haƙƙin ɗan'uwansa ya ɓuge da maganar kwamfuta, kowa zai ce hanyar zillewa yake nema. Yanzu da gwiwa ta hana ni zuwa ko'ina sai masallacin bakin layi, ba sauran inda zan zille. Na san Larabci ya fi muku sauƙi, amma da Hausa aka yi abin, da Hausa zan faɗe shi. Ku karanta a hankali, ba wanda ke korar ku.

Mu biyu Inna ta raya a cikin bakwai da ta haifa, ni da Habu, shekara tara ke tsakaninmu. Mahaifinmu mutumin Haɗeja ne, ya taso a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana noman ƙodago, a Sudan ɗin ya auri Inna suka ƙetaro teku. Shi ya gina gidanmu na Nakkasa da hannunsa, ɗaki bisa ɗaki a jikin dutse, inda mota ba ta kaiwa sai dai mutum ya hau matakala yana haki. Ni na yi makaranta har na iya buga tafireta. Habu ya gudu daga aji ya kama sana'ar tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya, kuma ya iya ta, har daga wasu unguwanni ake zuwa bin layi a gaban tukubarsa. Ni mai shiru ne mai riƙo, shi mai baki ne mai mantuwa. Inna takan ce da za a dama mu wuri ɗaya a raba biyu, da ta samu 'ya'ya biyu na kirki.

Shagona na Kudai manyanku sun san shi, inda nake buga wa direbobin bas da masu sabunta katin zama na iƙama takardu. A nan na fara taɓa kwamfuta, a hannun wani Basudane da muka yi aiki tare, tun zamanin da ake haɗa intanet da layin tarho, mutum na karatu yana kallon agogo. Shi ya nuna mini manhajar karanta majalisun tattaunawa. Aikinta shi ne ta leƙa sau ɗaya, ta kwaso duk abin da aka rubuta ta zube maka a cikin kwamfutarka, ka kashe layi ka karanta a tsanake. Da intanet ya wadata kowa ya watsar da irin wannan, ni ban watsar ba. Kun san halina, in na saba da takalmi sai ya rabu biyu nake neman wani.

Daga baya wani Bakano, Malam Tukur, wanda ya zo da takardar aiki yana kula da kwamfutocin wani kamfanin gini, ya buɗe mana wurin tattaunawa ya sa masa suna Majalisar Dutse. A nan Hausawan Makka ke rubuta wa juna sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa, da cigiyar ɗakin haya, da musun da ba ya ƙarewa kan wa ya fi wa iya tuwo tsakanin waɗanda suka biyo ta Sudan da waɗanda suka sauka daga jirgi. Ƙofa biyu ya yi wa majalisar. Ɗaya ta birauza, wato ka buɗe shafin kamar kowane shafi, a kwamfuta ko a waya. Ɗayar ta manhaja irin tawa, wadda ya ce ya bari saboda tsofaffin hannu. A sanina mu uku ne muka taɓa bi ta nan, biyun suka gaji suka koma inda jama'a take. Magana ɗaya ake zubawa, amma abin da mai birauza ke gani daban, abin da nake gani daban, kuma a wannan bambancin duk labarin yake, saboda haka ku yi haƙuri in tsaya a kansa.

Masu birauza shafi ɗaya suke kallo su duka, kamar masu cin tire ɗaya. Duk batun da aka yi wa sabuwar amsa shi ke hawa sama, ko shekara nawa ya yi a kwance, kuma duk wanda ya buɗe shafin da shi zai fara cin karo, yana so ko ba ya so. A gefen kowane batu akwai lamba mai nuna sau nawa aka buɗe shi. A ƙasa akwai jerin rubuce-rubuce bi da bi, wane ya rubuta kaza ranar kaza, sai wane ya biyo shi. In Malam Tukur ya goge saƙo, ya gogu ga kowa. Ni kuwa nawa akushin daban. Manhajar tana rataya kowace amsa ƙarƙashin maganar da aka amsa, reshe bisa reshe, sai ka san wa ke magana da wa. Saƙon da ban karanta ba yana fitowa da baƙin rubutu mai kauri, ina buɗe shi ya koma siriri. Abin da aka goge a shafi yana nan a wurina, tunda na riga na kwaso shi. Ba talla, ba hotuna, ba jira. Sannan akwai wani abu da masu birauza ba su da shi ko kaɗan, wanda ni na sa wa suna rariya. Jeri ne na sunaye da batutuwa da kake ba manhajar, ka ce in ta gamu da su kada ta nuna maka. Ba ta tambayarka sau biyu, ba ta sanar da kai cewa ta riƙe wani abu, kuma wanda ka sa a ciki bai sani ba. Da farko masu tallan maganin basir kawai nake zubawa a ciki.

Na yi alfahari da manhajar nan fiye da kima. In ana musu wani ya rantse bai taɓa faɗin kaza ba, sai in zaƙulo saƙonsa na bara in liƙa masa a gaban kowa. Har suna suka sa mini, Malam Isiyaku mai rumbu. Nakan ce musu su masu birauza leƙen majalisa suke ta taga, ni ne zaune a ciki, kuma ba harafin da ke wuce ni. Na faɗi haka a rubuce, na faɗa a bakin masallaci, na faɗa a gida. Ku riƙe wannan maganar, domin mutane sun riƙe ta.

A shekarar da aka fara shafa jan fenti a bangayen gidajen da ke gindin dutsen, alamar za a rushe, ni na yanke shawarar ɗauke Inna. Fentin bai iso gidanmu ba tukuna, amma matakala ta fi ƙarfinta, ga hawan jini, duk ranar asibiti sai an sauko da ita a kan kujera mutum huɗu na riƙe. Ni na riga na koma Ka'akiyya da ku, a shiggar da muke ciki har yau, wato sashenmu na gidan bene, hawa na uku. Habu, da ke zaune da iyalinsa a ɗakin ƙasa na gidan, ya ce a bar ta sai ranar da katafila ta tsaya a ƙofa. Ban saurare shi ba, ni ne babba, kuma har gobe ban ce shawarata ba ta da hujja ba. Ranar tashi an gama sauke kaya, Inna ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi sa takalmi.

"Isiyaku, a can wa zan yi wa sannu?"

"Inna, ga jikokinki, ga asibiti kusa, ga lifta ba sauran hawa."

"Lifta ba ta amsa sallama."

Ta faɗi haka, sannan ta sa takalminta ta biyo ni, domin ba ta taɓa ja da ni a gaban mutane ba. A Ka'akiyya mahaifiyarku ta yi mata duk abin da ake yi wa uwa. Amma a Nakkasa Inna na zaune a ƙofa duk mai hawa da mai sauka sai ya tsaya ya huta a wurinta, ta san wa ya haihu, wa ya yi yaji, wa ya sayi firji. A nan kuwa sai taga, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. Ta rage magana, ta rage cin abinci. Wata biyar ta yi ta rasu da hantsin wata Asabar. Likita ya ce zuciya ce. Aka yi mata salla a Harami, ni da Habu muna kafaɗa da kafaɗa.

Malam Tukur ya buɗe batun ta'aziyya a majalisa, aka yi kwana uku ana zuba addu'a. A rana ta huɗu na buɗe shago, na kunna kwamfuta, manhaja ta kwaso, sai ga sunan Habu da baƙi mai kauri.

"Inna ba ciwo ya kashe ta ba. Da an bar ta a dutsenta da tana nan. Wanda ya ɗauke ta ya san kansa, Allah ma ya san shi."

Kafin azahar Malam Tukur ya goge saƙon. Masu birauza waɗanda suka gani sun gani, sauran sun ji a baki, bayan mako ɗaya kuma abin ya fara shuɗewa a wurinsu, tunda in suka buɗe shafin addu'o'i kawai suke tararwa. Nawa kuwa yana nan a rumbu. Na karanta shi a ranar ya fi a ƙirga, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne ni ma na yi wa kaina wannan tambayar tun ranar jana'iza. Ban zage shi ba, ban mayar masa da ko harafi ba. Na buɗe rariya. Manhajar ta ba ni zaɓi biyu, ko a ɓoye duk abin da ya fito daga wannan suna, ko a ɓoye batun gaba ɗaya tare da duk wanda zai sa baki a cikinsa. Na danna duka biyun. Nan take sunan Habu ya ɓace daga majalisata, ta'aziyyar Inna ma ta ɓace, allon ya yi fes. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Da na koma gida na kafa doka, kada wanda ya ƙara ambaton sunansa a gabana. Kun tuna da wannan, wasunku sun sha tsawa a kanta. Ya kira wayata sau biyu a watan farko ban ɗauka ba, sai ya daina. Da salla matarsa kan turo yara su gaishe ni, in ba su goron salla su tafi, shi bai zo ba, ni ban je ba. Haka muka yi shekara biyu a gari ɗaya. A cikin shekara ta biyu na fara hucewa, in na wuce mai tsire ƙamshin kan tuna mini da shi, har nakan ce a raina in ya zo ya durƙusa magana ta wuce. Sai dai ni ke hucewa, rariya ba ta hucewa, tana nan kan umarnin da na ba ta ranar da na fi kowace rana fushi. Gaskiyar magana ma na manta na sa shi a ciki. Da na daina ganin sunansa sai na ɗauka kunya ce ta kore shi daga majalisa.

Sai shekarar da aka ce kowane baƙo ya gyara takardunsa ko ya bar ƙasa ta zo. Mu da aka haifa a nan ba mu tsira ba, tunda a takarda baƙi ne mu ma. Shago ya cika maƙil, tun safe har magariba ina buga wa mutane takardun sauya kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo a takarda. Nawa sun gyaru. Na Habu ba su gyaru ba, domin kafilinsa ya rasu, magada ba su san da zamansa ba, kuma a katinsa direba aka rubuta alhali tsire yake yi. A wannan shekarar kuma jan fenti ya iso gidan Nakkasa. Duk wannan daga baya na ji shi. A lokacin ban sani ba, ko in ce ban nemi sani ba, ga shi kuwa aikin da nake yi wa bare kullum ke nan.

Wata rana bayan la'asar Malam Tukur ya shigo shago, ya jira mutane suka ragu, na zuba masa shayi. Ya tambaye ni ko ina shiga majalisa kwanan nan, na ce kullum, ai yana ganin rubutuna. Ya ce yana gani. Ya juya kofi a hannunsa.

"To, Malam, maganar Habu fa?"

"Malam Tukur, in shayi ka zo sha, bismilla. In wannan sunan ka kawo mini, ga ƙofa."

Ya shanye shayinsa, ya yi sallama. A makon nan na yi rubutu a majalisa kamar yadda na saba. Na tuna na buɗe batu kan inda ake samun daddawa ta gaske, ba wadda ake cakuɗawa da waken suya ba, na kuma tsokani wani Bazazzagi kan cewa mutanensu ba su san miya ba. Ba wanda ya tanka, alhali da irin wannan tsokanar kwana biyu ake yi ana dariya. A masallaci gaisuwa ta gajarce, mutumin da muke tsayawa mu yi hira sai ya miƙo hannu yana kallon takalminsa. Na ɗauka damuwar takardu ce ta sha kan kowa.

Tafiyar Habu a bakin wani direba na ji ta. Ya kawo takarda in buga masa, yana jira ya ce jiya shi ya kai ƙanena da iyalinsa Jidda, sun hau jirgin Nijeriya. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na miƙa masa takardarsa. Da rana muna cin abinci ni da kaina na karya dokata, na ce kun ji, ya tafi ko sallama bai yi ba. Mahaifiyarku ta ce Allah ya kyauta, ba ta ɗago kai ba. Ummi, ke 'yar farina da aka sa wa sunan Inna, kika ajiye cokali kika tashi kika shiga ɗaki. Na ɗauka kewar 'yan'uwanki ce. Ashe a wayarki kike karanta majalisa ta birauza, kin ga abin da kowa ya gani, kin gaya wa mahaifiyarki, ita kuma ta ce ai Malam ba abin da ke wuce shi, in ya yi shiru ya san abin da yake yi. Tsakanina da ke kuma akwai kunyar ɗan fari, ba mu saba doguwar magana ba. Ban ga laifin kowa a cikinku ba, ni na toshe duk hanyar da maganar za ta biyo.

Wata bakwai Habu ya yi a Haɗeja, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin mahaifinmu. Damina ta shiga, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, jikin da aka haifa a Makka bai san wannan ciwon ba, kwana biyar ya yi ya rasu. Wannan sanarwar na gan ta, domin Malam Tukur sabon batu ya buɗe da sunansa. Muka yi zaman makoki a gida. Mutane ba su zo da yawa ba, waɗanda suka zo kuma a tsaitsaye suka yi addu'a suka fita. A rana ta uku Malam Tukur ya zauna har kowa ya watse.

"Malam, ni abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Kalma ɗaya ya roƙa. Me ya hana?"

"Wace kalma?"

"A majalisa. Ƙarƙashin ta'aziyyar Inna."

Na ce masa ai wannan batun ya mutu fiye da shekara biyu da suka wuce. Ya zuba mini ido. Shi mutumin kwamfuta ne, fuskarsa ta riga tawa canzawa. Ya tambaye ni a hankali ko har yanzu ta manhaja nake shiga, na ce e. Ya tambaya ko na taɓa sa Habu a abin nan da nake kira rariya. A nan na tuna, ya gani a fuskata, sai ya dafe kai ya yi salati. Ya ciro wayarsa zai nuna mini, na ce ya mayar aljihu. Ban so in karanta a gaban kowa ba, kuma wannan ma kuskure ne, za ku ga dalili.

Washegari da safe na je shago ni kaɗai, na ja ƙofa na rufe ta ciki. Na buɗe rariya, ga sunansa a tsakanin masu tallan magani. Na cire shi, na cire batun, na ce wa manhaja ta sake kwasowa. Ta'aziyyar Inna ta dawo, ƙarƙashinta baƙin rubutu mai kauri ya cika allo har ƙasa. Na farko nasa ne, kwana tara kafin tafiyarsa.

"Salamu alaikum jama'ar majalisa. A nan na yi wa Yaya Isiyaku laifi, a nan zan nemi gafara, a gaban waɗanda na yi a gabansu. Abin da na faɗa kan Inna ba gaskiya ba ne, zafin rashi ne. Ya yi mata abin da ya ga ya dace, ni ban iya komai ba sai baki. Takarduna ba su gyaru ba, Larabar sama zan tafi Haɗeja da iyalina. Yaya, na san ba abin da ke wuce ka a nan. In ka yafe, rubuta kalma ɗaya, zan zo in durƙusa in yi sallama. In ka yi shiru na gane, ba zan dame ka ba."

Ƙarƙashinsa reshe bisa reshe, yadda nake son manhajata ta jera. Dattawa suna kiran sunana, Malam Isiyaku don Allah, Malam Isiyaku dubi zumunci. Wanda na tsokana kan miya ya yi doguwar magana mai taushi. Da kwanaki suka ja maganganun suka fara kaifi, wani ya ce bai taɓa ganin zuciya irin wannan ba, Malam Tukur ya goge wasu, amma ya bar da yawa. Na ƙarshe na Habu ne, safiyar Larabar.

"Muna Kudai, bas za ta tashi bayan azahar. Yaya, na ga ka yi rubutu jiya. Ba komai. Allah ya sada mu da alheri."

Daga ƙofar shagona zuwa inda bas ɗin ke tsayawa, ko da wannan gwiwar ba zan yi minti goma ba. Ranar ina shago tun safe.

Da na gama na yi abin da na yi shekaru ina raina masu yi, na buɗe majalisar ta birauza, don in ga abin da shi ya gani. Na koma baya cikin jerin nan na bi da bi. Roƙon Habu, sai addu'ar wane, sai roƙon wane, sai Isiyaku kan daddawa. Sai wani dattijo yana haɗa ni da Allah, sai Isiyaku kan miyar Zazzagawa. Kwana tara batunsa na saman shafi, lambar gefe tana hawa, sunana na fitowa a tsakani kamar mai cin gyaɗa a wurin jana'iza. A wurina batutuwan ba su taɓa haɗuwa ba, a wurin kowa kuwa a layi ɗaya suke. Duk wanda ya kalli shafin nan ya ce na gani na share, bai yi mini ƙazafi ba, abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Na rubuta a ƙasa cewa na yafe, shi ma ya yafe mini. Batun ya hau sama kamar yadda ya saba. A lokacin yawancin jama'a sun koma rukunonin waya, mutum biyu ne suka amsa, ɗaya ya ce amin, ɗaya ya ce sai yanzu.

Malam Tukur ya yi ƙoƙarin yi wa mutane bayani, suka ce masu kwamfuta ne ke rufa wa juna asiri. Da aikinsa ya ƙare ya koma Kano, majalisar ma ba ta daɗe ba aka rufe ta. Ni ban bi kowa da bayani ba. In na ce ban gani ba, gaskiya na faɗa. In na ce ba laifina ba ne, na yi ƙarya. Manhaja ba ta yi komai ba sai abin da na sa ta, kuma abin da na sa ta shi na sa mahaifiyarku, shi na sa ku, shi na sa Malam Tukur a kan kofin shayi. Da ina karantawa inda kowa ke karantawa, da dole idona ya faɗa kan abin da ba na son gani, kuma na san kaina, da na rubuta kalmar kafin in gama karanta saƙon. Wannan shi ke damuna har yau, kuma ba na jin zai daina.

Shaida ɗaya nake da ita cewa saƙon bai taɓa isowa idona ba, wato kaurin rubutun nan, kuma ta ɓace a daidai lokacin da na danna shi, ni kaɗai a shago, ƙofa a rufe. Ana iya mayar da shi mai kauri da maɓalli ɗaya, kowa zai iya, saboda haka yanzu ba ya shaidar komai. Abin da ya rage muku maganata ce, ku karɓa ko ku bari. Tsohuwar kwamfutar tana nan a ɗakina, saƙon yana cikin rumbu ko da yake shafin ya daɗe da mutuwa, kuma duk sanda na karanta nakan mayar da shi mai kauri kafin in kashe. Habu ya bar 'ya'ya huɗu a Haɗeja, sun girma da sanin cewa yayan ubansu ya gani ya yi shiru. Ummi, ke nake ba wannan aikin, ko ki ba wanda kika yarda da shi a cikin ƙannenki. Kada a tura musu babin nan ta waya, kada a saka shi a wani shafi. Mutum ya je da ƙafarsa, ya zauna a gabansu, ya karanta musu da bakinsa, kuma kada ya tashi sai sun ba shi amsa.